Daga Filofi zuwa Memori: Yadda Kwamfuta ta Koyi Ganin Ma'ajiyarta a Ƙasar Karfi

A cikin sana'o'in da ake yi a ƙasar Karfi, tamu ta gyaran kwamfuta ita ce auta. Maƙeri yana iya lissafa kakanninsa a sana'a, mahauci ma haka. Mu kuwa salsalarmu ba ta wuce maigida ɗaya ko biyu ba, daga nan sai ka tarar da kanka a Kano ko Kaduna ko Legas, inda suka je suka koyo. Amma duk da ƙuruciyar sana'ar, kayan aikin da ta binne suna da yawa, kuma mafi yawansu kayan ajiyar bayanai ne.

Duk wanda ya zauna a shagon gyara ya san ba injin ake yi wa kuka ba. Idan gilashi ya fashe ko madannai suka ƙi, mai kaya zai yi ciniki har da raha. Ranar da kwamfuta ta tashi ta ce ba ta ga faifanta ba, a ranar za ka ga dattijo ya cire hula yana fifita da ita. A ciki ne sakamakon ɗaliban makarantarsa yake, ko lissafin takin da ƙungiyar manoma ta rabar bashi, ko hotunan auren 'yarsa, ko karatun tafsirin malaminsa da ya rasu. Don haka tarihin wannan sana'a a tsakanin Funtua da Malumfashi tarihi ne na abu biyu: abin da aka zuba bayanai a ciki, da yadda aka sa injin ya gane shi. Na biyun ne mutane ba sa gani, shi ne kuma ya ci rabin shekarun da na yi ina aikin nan.

A ƙarƙashin duk abin da kake gani a fuskar kwamfuta ko waya akwai wata manhaja da ake kira kanel. Da zarar BIOS, ɗan shirin da ke fara tayar da injin, ya gama nasa binciken, kanel ake ɗorawa. Shi ke raba wa sauran manhajoji lokaci da wuri, shi ke magana da ƙarfen injin kai tsaye. Sai dai ba ya iya magana da kowace na'ura sai da wani ƙaramin shiri na musamman da muke kira direba. Mashigar da aka jona faifai a jikin madabod, wato babban allon cikin injin, tana da direbanta, faifan kansa yana da nasa, tsarin da aka bi wajen jera fayiloli a kansa ma yana da nasa. Ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, faifan zai iya zama lafiya lau, yana juyi kana jin motsinsa a tafin hannunka, amma a wurin kwamfuta babu shi. Kanel ɗin Windows a rufe yake zuwa, iyakarka ka ƙara masa direba. Na Linux a buɗe yake: kana iya ɗauko rubutunsa, ka zaɓi direbobin da kake so, ka gina naka.

Zamanin takarda da filofi

Yankinmu ya san lissafi da ajiyar rubutu tun kafin wani ya ji sunan kwamfuta. Auduga ce ta kawo mana malaman awo da rasit. Layin dogon da ya ratsa Funtua ya nufi Gusau da Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920, da injinan gurzar auduga na Funtua da Malumfashi, sun sa buhun manomi ya zama lamba a littafin wani akawu. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a Najeriya tare da na Gusau da Gombe. Ya yaɗa takin zamani da ingantaccen irin masara, ya kuma ƙara yawan fom da fayil. Duk a takarda aka yi wannan, da biro da keken rubutu, maƙiyan ajiyar kuma su ne gara da ɓera da yoyon kwano.

A can wata duniyar kuwa, tun 1956 kamfanin IBM ya fitar da babban faifan kwamfuta na farko. Fayafayi 50 ne a jere, kowanne faɗinsa inci 24, nauyin injin kusan tan guda, abin da yake ɗauka kuma haruffa miliyan 5. Kafin kwamfuta ta iso shagunan buga takardu na Funtua da Malumfashi, wajen ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, babban faifai ya ƙanƙance ya koma daidai tafin hannu, abin da ake yawo da shi a aljihu kuma shi ne filofi mai inci 3.5.

Megabait 1.44 ne cikinsa. Hoto ɗaya na wayar yau ba zai shiga ba. Amma a lokacin kundin kammala karatun ɗalibi yana shiga, da wasiƙar neman aiki, da katin gayyatar ɗaurin aure. Yana da ɗan murfin ƙarfe mai zamewa, idan ka ja shi gefe sai ka ga baƙin faifan siriri a ciki. Wannan 'yar kafar ce ƙurar hunturu ke bi ta shiga. Ɗalibi zai baro Funtua da filofi a aljihun gaba, rana ta gasa shi a mota har Zariya, ya zura shi a kwamfutar wani shago a Samaru, injin ya yi ta gurnani yana maimaitawa, daga ƙarshe ya nemi a yi masa fomatin. Maigidana ba ya barin kowa ya fita da aiki a filofi ɗaya. Biyu yake sa a saya, ya naɗe su a leda, ya ce a raba musu aljihu.

Faifan da ke hannun ɗalibi

A watan Agusta na 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta kanel don nishaɗin kansa. Kwamfutarsa ƙirar 386 ce, babban faifanta megabait 40. A cikin sanarwar ya faɗi wani abu da nake yawan tunawa: ya ce da wuya abin nasa ya taɓa gane wani faifai ban da irin na AT, domin shi kaɗai yake da shi. Hasashensa bai tabbata ba, don yau da wuya ka sami ma'ajiyar da Linux bai sani ba. Amma dalilin da ya bayar yana nan daram. Direba ba ya samuwa sai wani yana riƙe da na'urar a hannunsa, yana da buƙatarta, ya zauna ya rubuta. Mai faifan SCSI ya kawo nasa, mai injin CD ya kawo nasa, wani Bafaranshe mai suna Rémy Card ya kawo tsarin jera fayil na ext a 1992 da ext2 a 1993. Zuwa 1995 direbobi sun yi yawan da aka buɗe hanyar ajiye wasu a gefe, a ɗauko su lokacin da ake buƙata, maimakon a cusa su duka a jikin kanel.

Kwamfutocin da suka cika shagunanmu a shekarun 2000 ba sababbi ba ne. Tokumbo ne daga ofisoshin Turai da Amurka, sun sauka a tashar jirgin ruwan Legas, sun bi ta kasuwar Alaba da ta kwamfuta da ke Ikeja, sun zo titin Beirut a Kano, daga nan muka ɗauko su a bayan mota. Pentium III ne da Pentium 4, faifansu na IDE. Kebul ɗinsa falle ne mai faɗi, ruwan toka, da ramuka 40 da jan layi a gefe guda don kada ka juya shi. Faifai biyu ke raba kebul ɗaya, don haka a bayan kowanne akwai ɗan maɓalli ƙarami kamar ƙwayar shinkafa da za ka matsar da hantsaki, ka nuna wane ne na gaba, wane ne mabiyi. Ka sa su duka a matsayi ɗaya, injin ba zai ga ko ɗaya ba. A lokacin Linux yana kiran na farko hda, na biyu hdb, injin CD kuma galibi hdc.

Ba wata aƙida ce ta shigo da Linux shagunanmu ba, ceto ne. Knoppix, wanda Bajamushe Klaus Knopper ya fitar a 2000, yana tashi daga CD ba tare da ya taɓa babban faifai ba. Ubuntu ya fito a watan Oktoba na 2004, kamfanin Canonical mai shi kuma ya riƙa aika fayafayansa kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya har 2011. A lokacin da intanet ɗinmu ba zai iya sauko da megabait 700 ba sai an kwana a kafe, wannan ba ƙaramar kyauta ba ce. Windows ta ƙi tashi, bairos ya ɓoye fayiloli, sai ka zura CD, kanel ɗin da ke ciki ya bi mashigun injin ɗaya bayan ɗaya yana gwada direbobinsa, ya gane faifan, ka kwashe kayan mutane kafin ka yi fomatin. Mutane da yawa a yankin nan Linux ya ceto musu takardu ba su taɓa jin sunansa ba.

Shekarun da faifai ya ɓace

SATA ya fito a 2003 da ɗan siririn kebul mai haƙora 7, ba maɓalli, ba na gaba ba mabiyi. Sauƙi ne ga hannu, amma ya zo da sabuwar hanyar magana tsakanin faifai da madabod wadda ake kira AHCI. A nan ne kusan kowane mai gyara a Arewa ya fara sanin mene ne direban ma'ajiya, ko bai san sunansa ba.

Daga 2007 laftof suka riƙa zuwa da Windows Vista. Ta yi wa injinan nauyi, masu su kuma sun saba da XP, sai su kawo su ce a mayar musu da tsohuwar. Windows XP ta fito ne a 2001, kafin a haifi AHCI. Ka zura faifanta, ta yi ta loda kayanta, can sai ta ce ba ta ga babban faifai a wannan kwamfuta ba, alhali ga shi nan sabo fil. Hanyar da ta tanada ita ce ka danna F6 a farkon aiki ka ba ta direban, amma a filofi kaɗai take karɓa, laftof ɗin kuma ba shi da ramin filofi. Masu wayo suka gano shiga BIOS su sauya yanayin faifan daga AHCI zuwa IDE, wato a sa sabon ƙarfe ya yi magana irin ta tsoho. Wasu suka koyi cusa direban a cikin faifan XP da manhajar nLite su ƙona sabo. Wanda ya saka XP a yanayin IDE, ya yi kuskuren mayar da saitin AHCI bayan ya gama, shuɗin allo mai lamba 7B zai tarbe shi. Na ga laftof masu lafiya da aka yanke wa hukuncin mutuwar faifai a wancan lokaci, aka sa masu su sayen wani, matsalar kuwa layi ɗaya ce a BIOS.

Linux ma ya sha nasa juyin. Jeff Garzik ya jagoranci rubuta sabon rukunin direbobi mai suna libata don SATA, a 2006 kuma, cikin kanel 2.6.19, aka shigo da direbobin tsofaffin faifan IDE ƙarƙashinsa. Sakamakon haka faifan da jiya sunansa hda ya wayi gari sunansa sda. Injin da aka rubuta wa tsohon sunan a fayil ɗin saitinsa sai ya tashi yana neman abin da babu. Tun daga nan aka koma kiran kowane sashen faifai da doguwar lambar shaidarsa, wadda ba ta sauyawa ko an sauya direba ko mashiga.

Filash, memori da masu turi

Filash na farko ya shiga kasuwar duniya a 2000 da megabait 8. Wayar GSM ta iso Najeriya a 2001. Katin SD ya fito a 1999, ƙanensa microSD a 2005, shi ne memorin da ya sauya yadda ƙauye ke sauraro da kallo. Finafinan Hausa, waɗanda suka faro da kaset ɗin bidiyo tun Turmin Danya na 1990, suka koma faifan CD, daga nan suka faɗa memori. Sabuwar sana'a ta tsiro a tasha da bakin kasuwa: saurayi da laftof da tebur da na'urar karanta kati, yana tura fim da waƙa da wa'azi da karatun Alƙur'ani. Kayan aikinsa daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano suke zuwa. Ranar kasuwa bayan an sayar da masara da waken suya, layin da ke gabansa ya fi na mai shayi tsawo.

Shi ma mai turi da direbobi yake aiki ko bai sani ba. Memori da filash sun zo da tsarin FAT32 na Microsoft, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, shi ya sa babban fim ke ƙin shiga filash ɗin da ke da sauran wuri. Katin da ya wuce gigabait 32 da tsarin exFAT yake zuwa, shi kuwa ya daɗe a wajen kanel ɗin Linux saboda haƙƙin mallaka, sai a 2019 Microsoft ya buɗe bayaninsa aka shigar da shi. Ga kuma jabun filash da ke rantsuwa cewa gigabait 64 ne alhali cikinsa bai kai kwata ba. Kanel yana yarda da abin da na'ura ta faɗa game da kanta, sai ya yi ta zuba kaya, sabo yana taka tsoho. Maganinsa a cika shi da bayanan gwaji a sake karantawa kafin a ba shi amana.

A 2007 aka gwada ƙananan laftof na yara a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja, masu aiki da Linux, ba su da faifai mai juyi ko kaɗan sai ma'ajiyar filash a jikin madabod. Abin ya zama kamar baƙon abu a lokacin. Shekara guda bayan haka Android ya fito, kanel ɗinsa kuma Linux ne. Yau manomin Karfi da ke riƙe da wayar Android ta Tecno ko Infinix yana yawo da kanel ɗin da wani injiniya ya zauna ya zaɓa wa direbobi a masana'anta. Da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, cibiyoyi da makarantu suka tara injina masu yawa, galibi tsofaffi, aikin masu gyara ya ƙaru.

A gaban allon zaɓi

Mafi yawan masu amfani da Linux ba za su taɓa gina kanel ba, ba su kuma da buƙata. Ni abin da ke kai ni gare shi shi ne tsofaffin injinan da manyan masu rarraba Linux suka daina waiwaya. Ubuntu ya daɗe da barin injina masu bit 32, Debian 13 na 2025 ma bai zo musu da kanel ba. A makarantun Islamiyya da shagunan buga takardu na yankin nan kuwa irin waɗannan injina suna nan suna aiki.

Idan ka buga make menuconfig, shuɗin allo ne zai buɗe da jerin zaɓi dubbai, rukuni cikin rukuni. Kowane direba amsa uku yake jira. Ka danna Y, tauraro ya fito a gabansa, an gina shi a jikin kanel. Ka danna M, an gina shi a gefe a matsayin fayil da za a ɗauko daga faifai idan an buƙace shi. Ka danna N, babu shi. Saukar da kai cikin sashen ma'ajiya tamkar karanta tarihin sana'armu ne daga sama zuwa ƙasa: ga filofi, ga tsofaffin mashigun IDE kowace da sunan kamfaninta, ga AHCI, ga USB, ga MMC na memori, ga NVMe.

Babban tarkon yana wurin harafin M. Direban faifan da kanel zai tashi daga kansa, idan ka ajiye shi a gefe, to a kan wannan faifan ka ajiye shi. Kamar wanda ya jefa tsanin hawa rumbu a cikin rumbun ne: hatsi yana nan, tsani yana nan, hanyar kaiwa gare su ce babu. Kanel zai tashi, ya lalubi faifansa ya rasa, ya tsaya cak da saƙon cewa ya kasa hawa tushen fayilolinsa. Mafita biyu ce. Ko dai direban mashiga da na faifai da na tsarin fayil, misali ext4, duk su sami tauraro, ko kuma ka haɗa ɗan ƙunshin da ake kira initramfs, wanda ake ɗorawa tare da kanel ɗauke da direbobin da zai buƙata kafin ya ga faifai.

Tarko na biyu gadon tarihi ne. Yaro zai ga layin da ya ce tallafin faifan SCSI, ya ce ai ba mu da wannan a shago, ya kashe. Bai san cewa a cikin Linux faifan SATA da filash na USB duk ta ƙofar SCSI suke bi ba, shi ya sa dukkansu sunansu ke farawa da sd. Ya kashe layi ɗaya ya makantar da injin gaba ɗaya. Na uku shi ne umarnin localmodconfig, mai duba direbobin da ke aiki a daidai lokacin ya watsar da sauran. Yana rage aiki ƙwarai, amma idan babu filash a jikin injin sa'ad da ka buga shi, sabon kanel zai iya fitowa bai san filash ba. Shi ya sa kafin komai nake sa yaro ya buga lspci -k ya kwafe sunan mashigar faifai da direban da ke riƙe da ita a takarda, ya jona filash da memori, sannan mu fara. Ginin kansa yana cin sa'o'i a tsohon inji, wutar NEPA kuma ba ta da alkawari, don haka a injin da ya fi ƙarfi muke yi, a kan batirin sola, mu kwaso. Tsohon kanel kuwa ba a goge shi sai sabo ya tashi ya ga kowane faifai.

Wani dattijo, tsohon sakataren ƙungiyar manoma a wani ƙauye kusa da mu, ya taɓa kawo mini faifan IDE a naɗe cikin tsumma. Kwamfutar ta daɗe da mutuwa, amma rigima ta taso kan wanda ya biya bashin taki da wanda bai biya ba, littafin kuma gara ta ci. An kai faifan wurare an ce masa ba a da inda za a jona shi.

Ya ce, "Ɗana, ba kuɗin nake ji ba. Mutum biyu ne suka daina gaisawa, kuma maƙwabta ne."

Na ce, "Baba, zauna ka sha ruwa. In dai yana juyi, in sha Allahu za mu gani."

Na jawo tsohon Pentium 4 da nake ajiye da shi a ƙarƙashin tebur, na matsar da ɗan maɓallin bayan faifan zuwa mabiyi, na daidaita jan layin kebul. Da ya tashi sai na buga dmesg, saƙonnin kanel suka zubo, can ƙasa ga sunan kamfanin faifan da girmansa da harafin sdb. Na buɗe shi a yanayin karatu kaɗai, don kada a rubuta ko ɗigo a kansa. Jadawalin yana nan, suna da adadin buhu da ranar biya. Ya sa tabarau ya bi layin da yatsa har ya kai sunan da yake nema, ya ce a buga masa kwafi uku.

Abin da ake cirewa

Kamfanin Sony ya daina yin filofi a 2011. A 2019 mai kula da direban filofi a Linux, Jiri Kosina, ya ce ba shi da sauran injin filofi mai aiki da zai yi gwaji da shi, Torvalds ya sa wa direban alamar maraya, sai da wani mai suna Denis Efremov ya fito ya karɓi riƙonsa. A 2021, cikin kanel 5.14, aka cire tsohon rukunin direbobin IDE ɗungurungum. Faifan dattijon can ya karantu ne saboda libata yana ɗauke da nasa direbobin IDE har yanzu. Dalilin nan da Torvalds ya bayar a 1991 ne ke aiki ta ɗaya gefen: na'urar da babu mai riƙe da ita a cikin masu rubuta kanel, direbanta yana kan hanyar fita.

Sababbin ma'ajiyoyi kuma sun zo da nasu halin. NVMe, wanda aka tsara a 2011 Linux ya karɓe shi a 2012, ɗan falle ne da ake soka wa madabod, saurinsa ya ninka na faifai mai juyi sau da yawa. Amma a wasu sababbin laftof masu injin Intel, manhajar saka Windows takan ce ba ta ga faifai ba sai an ba ta direban VMD, wato labarin F6 ya dawo da sabuwar riga. Faifai mai juyi yakan yi ƙara ya yi gargaɗi kafin ya mutu, SSD kuwa, wato faifan da ba ya juyi irin NVMe, sau da yawa shiru yake tafiya. A waya da ƙananan laftof ma'ajiyar a like take da madabod, a waya kuma bayanan a kulle suke da mabuɗin sirri, don haka idan madabod ya ƙone babu abin da za a ciro a kai wani inji. Ga shi kuma Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoba na 2025, injina masu yawa ba su cika sharaɗin Windows 11 ba, hanyar da tokumbo ya saba bi kuwa a buɗe take.

Mu ne ƙarshen wannan hanya. Na'urar da Turai ta yar, a nan take yin sauran shekarunta, a cikinta kuma ake zuba rajistar makaranta da lissafin ƙungiya da muryoyin malamai. Wannan ya ɗora wa masu sana'armu nauyin da ya wuce saka windo da sauya gilashi. Ya kamata a Funtua da Malumfashi a sami shagon da ke ajiye da inji mai mashigar IDE da ramin filofi da injin CD, a rufe daga ƙura, ana tayar da shi lokaci-lokaci. Yaran shago su koyi karanta saƙonnin kanel kafin su ce faifai ya mutu. Wanda ya ga sabon kanel ya daina gane tsohuwar mashiga ya aika wa masu kula da direban rahoto, da sunan na'urar da saƙon da ta bayar, domin rahoton mai riƙe da ƙarfe a hannu yana cikin abubuwan da ke hana a cire direba. Shugabannin makarantu da sakatarorin ƙungiyoyi kuma su sani cewa babu ma'ajiyar da ake zuba abu a manta da shi. Duk lokacin da kayan ajiya suka sauya zamani, a kwashe bayanai a mayar kan sabo tun tsohon yana karantuwa, a ajiye kwafi a wuri biyu, abin da ya shafi haƙƙin mutane kuma a buga shi a takarda a sa hannu.